Fangalin Mai Rabon Ruwa

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai kogi ɗaya, ya datse kogin nan ya samar wa talakawansa wutar lantarki, tun daga fadarsa har ƙauyukan bakin iyaka. Aka daɗe cikin wannan ni'ima, sai damina ta soma gajarta, zafi ya ƙaru, ruwan madatsar ya ja baya, har wutar da ake samu ba ta kai rabin ta da ba.

Sarki ya tara majalisa. Waziri ya ce, "Ya sarki, a dawo da manyan injunan mai. Hayaƙinsu abin ƙi ne, amma duhu ya fi shi muni." Galadima ya ce, "Ya sarki, irin hayaƙin nan ne ya ɗumama duniya har kogi ya janye. A shimfiɗa farantan da ke tatsar wuta daga hasken rana, ko da aikin zai ci shekara uku." Kwana bakwai suna kai gwauro suna kai mari, fanka tana kaɗa musu iska a ka. Abu ɗaya ne kawai suka yarda da shi ba gardama, wato kafin a tsai da shawara a riƙa yanke wa ƙauyukan nesa wuta daga azahar, don kada ta yi wa birni kaɗan. Sarki ya sa hannu, amma ransa bai kwanta ba.

Ana nan sai ya ji labarin wani tsoho mai suna Cindo a ƙauyen Gangare, inda wayar wuta ta ƙare. Shi ne ke raba wa masu lambu ruwan da famfon lantarki ke jawowa, kuma an ce shekara talatin ba a taɓa jin mutum biyu sun yi cacar baki kan ruwa a garin ba. Sarki ya ce a ransa, wanda ya iya raba abin da bai isa ba, shi ya kamata in tambaya. Ya tafi da hantsi, ya bar 'yan rakiyarsa a bakin gari.

Ya tarar da tsohon a tsakiyar lambu, taɓo har gwiwa. Cindo ya durƙusa ya yi gaisuwa, sarki ya ɗaga shi ya ce, "Baba, rana ko mai, wanne zan zaɓar wa ƙasata?"

Tsoho ya yi murmushi ya ce, "Ya sarki, ka ɗora mini kayan da ya fi ƙarfin wuyana. Amma ruwa ya taho, bayana kuwa ya ƙi. In ba ka ƙi ba, riƙe mini fartanyar nan."

Sarki ya naɗe hannun riga ya karɓa. Ruwa na gangarowa a magudana, fangalai jere dama da hagu, wato ƙananan kwamin shuka masu kewayen ƙasa. Da ganin fangalin farko, wanda ke gindin famfo, sarki ya ɗaga fartanya zai fasa masa baki. Tsoho ya dafa hannunsa a hankali.

"A'a, ranka ya daɗe. Bar shi ya wuce."

"Ya wuce ina, ga mai ƙishi a gabansa?"

"Ya wuce can ƙarshe, wajen albasar Tabawa. Mijinta ya rasu, idonta kuma ya tafi. Daga nata ake farawa, a riƙa dawowa baya."

"Me ya sa na nesa zai riga na kusa?"

"Domin na kusa ko ba a ba shi ba, damshi na kai masa, kuma in ya yi yaushi idonka na kansa. Na nesa kuwa sai ya mutu ba ka sani ba."

Haka suka bi magudana har ƙarshe, suka yi ta fasawa suna toshewa, fangali bayan fangali. Gumi ya jiƙe sarki sharkaf, tafinsa ya yi ja, amma ya ji wani daɗi da ya manta rabonsa da shi. A hanya tsoho ya ce, kamar mai magana da kansa, "Mu dai ba mu ƙona kome ba sai karan dawa, amma koginmu ne ya fara guduwa. Rana kuwa ga ta nan, ta fi mana yawa, ba ta taɓa cewa mun yi mata nisa ba."

Saura fangali ɗaya, wancan na gindin famfo, sai aka kira azahar. Famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ruwa ya tsaya. Sarki ya san hannun da ya tsai da shi, domin nasa ne. Ya dubi fangalin, tumatir ne, ganyensa ya lanƙwashe, furensa ya zube ƙasa.

"Wannan na wane ne?"

"Nawa ne, ya sarki. Al'adarmu ke nan, mai rabon ruwa shi ke sha a ƙarshe. Jiya ma a nan ruwan ya tsaya, shekaranjiya ma haka."

"Ba ka taɓa fasa wa kanka da wuri ba, ko sau ɗaya?"

"In na sha da wuri, me zai sa in yi sauri? Ƙishin tumatir ɗina ne ke kai ruwa wajen Tabawa a kan lokaci."

Kunya ta rufe sarki, tausayi ya cika masa ido. Sai ya ɗauki tulun da ke jingine da bukka, ya gangara can inda kogi ya janye. Sau tara ya je ya dawo, tsoho na roƙonsa ya bari don Allah, shi kuwa bai tsaya ba sai da fangalin ya sha ya ƙoshi.

Da ya koma fada ya ce wa majalisa, "Na zaɓi rana. A fara kafa farantan daga Gangare, a riƙa dawowa baya gari bayan gari, fada ce ta ƙarshe. Injin mai kuwa kada a kunna shi sai a ɗakin haihuwa da na jinya. Daga yau, duk ranar da wuta ta gaza, a gidan nan za a fara yanke ta."

Waziri ya ce, "Ya sarki, da wannan zafi? Shekara uku fa aka ce!"

Sarki ya ce, "In muna cikin zafin ba za ta kai uku ba."

Haka kuwa aka yi, domin tun ranar da fanka ta tsaya a majalisa muhawara ta gajarta, aiki ya yi sauri. Da shekara ta zagayo Cindo ya aiko da kwandon tumatir, sarki ya ajiye mahucin da yake fifita da shi ya karɓa da hannu biyu, ya ce wa waɗanda ke wurin, "Ku rubuta wa wanda zai gaje ni: ba a sanin adalcin mai rabo sai an ga inda ya ajiye nasa rabon."