Ruwan da Ya Biyo Ta Bayan Gari

Ku gyara zama, a bar hira haka nan. Wannan labari ba na dariya ba ne, kuma idan ya kai ƙarshe ku ne alƙalansa.

A wani gari da ake kira Gurbin Tsamiya an yi wata tsohuwa mai suna Tabawa. Garin a kwari yake kwance. Ta yamma da shi akwai jinga, wato doguwar ganuwar ƙasa da mutanen gari suka tara don tare ambaliya, bayan jingar sai fadamar shinkafa, bayan fadamar sai kogi. Ta gabas kuwa akwai wani tsohon kwarin rafi da ake ce wa Matacciya, wanda ko kakanni ba su taɓa ganin ruwa ya gudu a cikinsa ba. In ka haura shi sai ka hau Tudun Makiyaya.

A bakin kogin akwai wata tsamiya mai tsaga uku a jikinta, waɗanda kakanni suka sara da gatari. Al'adar garin ita ce, ba mai ɗaure kaya, ba mai barin gida, sai ruwa ya taɓa tsaga ta uku Sarkin Ruwa ya busa ƙaho. Wanda ya gudu kafin a busa, matan gari su sa shi a waƙar daka, har jikokinsa su tarar ana yi.

Da can tsamiyar ba ta yi musu ƙarya ba. Damina takan zo a hankali kamar baƙuwa mai kunya, marka ta yi ta yayyafi, kogi ya riƙa ƙaruwa yatsa ɗaya kullum, kowa yana gani. Amma shekarun nan sama ta sauya hali. Sai ta kame kwana ashirin har gero ya naɗe ganye, sa'an nan ta zubo da ruwan wata guda cikin yini biyu. Wata shekarar ma sai an fara wasa lauje don kaka take tuna ba ta gama ba. Ga ciyawar kachala ta cika kogi, ta shaƙe masa wuya can arewa da gari.

Garin sarar wannan ciyawa mijin Tabawa, Sarkin Ruwa Arzika, ya tafi bara tare da ɗansa. Jirgi ya fita da mutum biyu, ya dawo da ɗaya. Ba a ko sami gawar da za a yi wa sutura ba.

Ya bar 'ya'ya maza uku. Babban shi ne Jatau, manomi, wanda shi da mahaifinsa suka shekara bakwai suna jagorantar ɗaga jinga. Na tsakiya Ilu, masunci, shi ne wanda ya dawo da jirgin, kuma tun ranar ya kife shi a ƙofar gida bai sake taɓa gorar tuƙi ba. Ƙaramin Hashimu, mai kai bandar kifi kasuwannin arewa a kan keke, wanda duk gari aka sani da tsoron ruwa. Dagaci ya ce da Tabawa ita ta haife su, ita za ta nuna wanda za a ba sarautar ubansu. Shekara ta zagayo ba ta nuna kowa ba. Ƙahon yana rataye a ɗakinta, ita kuwa duk ɗan da ta duba sai ta ga kamar kogi take shirin miƙa wa.

Ranar wata Talata, saura kwana goma a yanki shinkafa, gari ya waye tas, ba ko gajimare. Maza duk suna fadama. Da hantsi Tabawa tana tsince wake a zaure sai ta ji ihu. Hashimu ne ya shigo gari a guje, ba keke, ba kwandon kifi, ƙafafunsa duk ƙaya. Ya zube gaban dattawan da ke ƙarƙashin rumfa, cikinsu har da ƙanen mahaifinsa, Baffa Mudi.

"Baffa, Matacciya ta tashi! An kwana biyu ana ruwa a arewa, kogi ya rasa hanya ya faɗo cikinta. Da idona na ga jinkar ɗaki tana tafe a kai, da zakara a samanta."

Baffa Mudi ya yi dariya har da tari. "Kai da ko a ƙwarya ka ga ruwa sai ka dafa bango, yau kai ne za ka karanta mana kogi? Je ka dubi tsamiya. Ko tsaga ta biyu bai taɓa ba."

"Tsamiya yamma take kallo, Baffa. Wannan ta bayanmu zai zo."

"To malamin ruwa, mun ji. A ba shi fura ya sha, rana ce ta buge shi."

Hashimu ya juyo ya shigo gida. "Inna, ba ni ƙahon."

"Ba naka ba ne," in ji Tabawa.

"Na sani. In ƙarya nake yi a sa ni a waƙa, na yarda."

Ba ta miƙa masa ba, ba ta kuma hana shi ba. Kau da kai ta yi, ta ji ya sauko da shi daga bango. Ya hau kan katanga ya busa, busar da ba ta da daɗi, irin ta wanda bai taɓa koya ba. Amma ƙaho ƙaho ne. Maza suka yar da kayan aiki suka baro fadama, mata suka goya 'ya'ya, aka kunce awaki da shanu. Baffa Mudi ya zo ya jawo shi ƙasa ya kwaɗa masa mari a gaban jama'a, Hashimu bai fasa busa ba. Lokacin da jama'a suka isa Matacciya ruwa yana idon sawu. Kafin rabinsu su haye ya kai gwiwa, ja wur, yana tafe da kara da matattun kaji. Hashimu ya tsaya a tsakiya yana miƙa yara, har sai da ruwa ya kai masa ƙirji aka jawo shi tudu. Mutum ɗari huɗu da wani abu suka haye a ƙafa.

Amma ba kowa ya fita ba. An bar mutum talatin da biyar: tsofaffi, da marasa lafiya, da wata mai jego da jaririn kwana shida, da su Baffa Mudi da suka rantse ba za su bi ƙahon da aka busa ba bisa ƙa'ida ba. Tabawa ma tana ciki, ta ce gidan Sarkin Ruwa shi ke fita a ƙarshe. Jatau da Ilu suka tsaya saboda ita.

Ana kiran azahar ruwa ya shigo gari ta gabas. Bai yi ƙara ba. Ya bi lungu-lungu kamar mai neman wani, ya shiga ɗakuna, ya ɗauko tabarmi da akussa ya fito da su. Mutane suka taru a dakalin masallaci, inda ya fi ko'ina tudu. Daga nan Tabawa ta ga abin da ke faruwa. Ambaliyar ta ratsa gari ta je ta daki jinga, ta rasa mafita, ta dawo. Ganuwar da suka gina don ta tsare su ita ce ta mai da garin kwano. Katangu suka fara jiƙa suna zama ɗaya bayan ɗaya.

Jatau ya dubi ruwan, ya dubi mutane, ya ce, "Jirgi ɗaya ne, mutum shida yake ɗauka. Ko yanzu aka fara, kafin sawu na uku ruwa ya rufe dakalin nan." Ya saɓa galma.

Baffa Mudi ya riƙe masa riga. "Ina za ka? Kai, bayan jingar nan abincin shekarar gari ne! Taka gonar ce ma ta farko. In ka fasa me za mu ci?"

"Baffa, sai da baki ake ci. Sake ni."

Ya kutsa cikin ruwa har kwankwaso, ya isa jinga, ya ɗaure igiya a ƙugunsa ya ɗaura a kututturen giginya. Ya san inda ta fi sirara, don da hannunsa ya dandaƙe ƙasar wurin. Ya yi ta sara, ga shinkafa can ƙasa ta sunkuyar da kai, rawaya iya ganinka. Da ƙasar ta buɗe, ba ta buɗe a hankali ba. Gefe guda ya tafi baki ɗaya, Jatau ya ɓace cikin jan kumfa.

Ku kun san ɗan fari. Shekara arba'in Tabawa ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "babban". Ranar, a gaban maza da mata, ta buɗe baki ta ƙwalla, "Jatau!"

Igiyar ta riƙe. Ya jawo kansa ya hau abin da ya rage na jingar, ƙafarsa ta dama a karye tana lilo. Ruwan cikin gari ya tsaya da hauhawa, sannan ya ja baya kamar kamu ɗaya, ya kwarara fadama ya shafe shinkafar kaf.

Sai dai fasa jingar ya sa ruwan ya sami gudu. Yanzu kogi ne sosai yake ratsa gari, yana cin gindin dakalin masallaci. Tabawa ta waiwaya neman Ilu, ta hango shi tsugune a kan kifaffen jirgin ubansa, wanda ke ɗaure a ƙofar gida, ya haɗa kai da gwiwa. Ta sauka, tana dafa bango, ruwa yana fizgar zanenta, har ta isa gare shi.

"Inna, koma. Hannuna ba ya kama gora. Duk sanda na dubi ruwa hular Baba nake gani tana juyawa."

"Ni da ban je ba ma ina ganinta," in ji ta. "Akwai jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba. Tashi."

Ya miƙe tsaye. Sa'an nan ya sauko ya birkice jirgin. Shekara guda a rana ta sa katakon ya tsage, ruwa yana tsattsafowa. Ya yage rigarsa ya cusa a tsagar, ya ce duk wanda ya shiga ya riƙe ƙwarya ya yi ta kwalfa. Ya fara da mai jego da tsofaffi. Matacciya a lokacin ta fi kogin gaske hauka, tana tafe da itatuwa da rumbuna. Wanda bai san ruwa ba zai nufi tudu kai tsaye ya kife. Ilu sai ya haura sama ta jikin katangu, ya saki jirgin ya gangaro a karkace, ya soki gaci daidai inda su Hashimu suke jira da igiya. Ya dawo. Ya sake komawa. A sawu na huɗu gorar ta karye, ya ci gaba da filafili, tafin hannunsa ya saɓule. A na biyar ya ɗauko Baffa Mudi, wanda ya zauna yana kwalfa da hularsa. A na shida ya bi ta bakin jingar da ta fashe, inda ruwa ke juyawa kamar a turmi, ya ɗauko wansa.

Sawu na bakwai na Tabawa ne, ita da liman da wasu biyu. Rana ta yi ja. Ba su yi nisan jifa ba suka ji ruri a bayansu, bangon masallaci ya kwanta a kan dakalin da suka baro. Ilu bai waiwaya ba. Tabawa ce ta waiwaya, ta ga inda ɗakinta yake, ba komai sai ruwa.

Da safe dagaci ya ƙirga jama'a a Tudun Makiyaya, gida-gida. Ba rai ɗaya da ya salwanta. Ba kuma gari, ba shinkafa. Ya sa aka kawo ƙahon, ya ajiye gaban Tabawa, ya ce, "Iya, jiya kin ga abin da rashin Sarkin Ruwa ya jawo. Ba za mu sake gini ba sai da shi. Yau kam sai kin nuna."

Nan take wuri ya kaure. Wasu suka ce Hashimu, don ba domin shi ba da ruwa ya tarar da maza a fadama, mata a ɗaka, kuma shi kaɗai ya gane tsamiya ta daina faɗin gaskiya. Aka ce musu, yaya za a naɗa wanda bai iya iyo ba, wanda kuma ya ɗauki abin da ba a ba shi ba? Wasu suka ce Jatau, don shi ya sayo lokacin da jirgi ya yi sawu bakwai, da gonarsa da ƙafarsa da aikin shekara bakwai. Aka ce musu, shi ne kuma ya jefa gari a yunwar bana ba tare da ya shawarci kowa ba, ga shi ba a san ko zai sake taka ƙafar ba. Wasu suka ce Ilu, don ko an busa ƙaho, ko an fasa jinga, ba domin shi ba da mutum talatin da biyar ɗin nan suna ƙarƙashin bangon masallaci. Aka ce musu, ai shi ne ya ga yadda kachala ta toshe kogi tun bara, ya zauna shekara guda bai ce wa kowa uffan ba, kuma sai da tsohuwa ta shiga ruwa kafin ya tashi.

Tabawa ta ɗauki ƙahon ta ɗora a cinya. Ga Hashimu da shatar yatsu a kunci, ga Jatau kwance an ɗaure masa ƙafa da kara, ga Ilu hannuwa naɗe da tsumma. Babu wanda ya ɗago ya dube ta a cikinsu. Can ƙasa ruwa yana ta wucewa ta kan garinsu, kuma kowa ya san baɗi ma zai dawo, ba wanda ya san ta ina.

To, jama'a, ga ƙaho a cinyar tsohuwa, ga dagaci yana jira. In ku ne ita, a hannun wa za ku sa shi?