Fadamar Tabawa da Aladun Daji

Ku gyara zama, ga wata shari'a da ta gagari dattawan Gangaren Marke, yau na kawo muku ita.

A garin akwai wata mata, Tabawa, mai fadamar da ta gada wajen ubanta. 'Yar ƙarama ce, rijiya ɗaya a tsakiya, amma rogo da rake da dankali ba sa yankewa cikinta. Sai aladun daji suka gano hanya, garke guda, sun fi talatin. Abin da mutum ya yi wata huɗu yana ban ruwa, su tone shi kafin a sha kunu. An yi shinge sun ture, an buga gwangwani sun saba, an kai karnuka sun dawo hanji a waje. Rannan mijinta Nomau ya fita musu da sanda, wani ƙato a cikinsu ya farke masa cinya da haure. Kwana tara yana jinya, ya cika.

Ranar da Tabawa ta fita takaba ta je fadamar, ta tarar ko kunyar rogo ɗaya aladun ba su bar mata ba. Ta tsinci guntun rogon da suka tauna suka tofar, ta nufi ƙofar mai unguwa inda maza ke zaune, ta jefa shi tsakiyar tabarma.

Ta ce, "Ga abin da ya rage na guminmu. Mazan banza! Dabbar da ko sunanta ba ku son kamawa ta kashe ɗan'uwanku, kuna nan kuna dara. Ranka ya daɗe, ka zama shaida. Wanda ya raba ni da garken nan, wallahi fadamata tasa ce."

Mutum uku suka miƙe.

Na farko Jatau maharbi. Ya ce bindiga ba ta maganin garke, ka harbe ɗaya sauran su watse, baɗi su dawo da 'ya'ya. Ya shafe jikinsa da taɓo don kada su ji warinsa, ya yi kwana goma sha ɗaya yana bin sawu cikin sarƙaƙiya, har ya gano kududdufin da suke birgima da mashigar da suke bi zuwa gonaki. Ya kuma gane wata tsohuwar uwa ce ke jan garken, inda ta sa ƙafa nan kowa yake sawa. A can kububuwa ta sare shi, har yau da ɗingishi yake tafiya.

Na biyu Korau maƙeri. Jatau ya nuna masa mashigar, shi kuwa ya rufe maƙerarsa ana tsakiyar gyaran garma, lokacin da yake samun abincin shekara. Ya kafa turakun itacen ƙirya a zagaye, ya binne gindinsu har ƙugu don kada a tona ta ƙasa, ya ƙera ƙofa mai faɗowa daga sama in an ja igiya. Da ƙarfe ya ƙare masa, ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya haɗa.

Tarko ya tsaya, aladu suka ƙi ko kallonsa. Mako biyu suna kewaye shi suna shiga gonaki. Tabawa ta wanke su biyun tas, ta ce sun gina wa iska ɗaki.

Sai na uku, Shekarau, wanda ba shi da baka ba shi da guduma, sai rumbun masara guda da iyalinsa za su ci zuwa kaka. Ya riƙa jiƙa ta har ta yi tsami, ya zuba can nesa da tarkon, kullum ya matso da ita taku biyar. Gari ya sa masa suna Makiyayin Alade. In ya shiga sahun salla, na kusa da shi ya janye riga. Surukinsa ya aiko aka ɗauke masa mata. Bai daina ba. Kwana ashirin da uku, ran da ya share gindin rumbu, tsohuwar uwar ta leƙa cikin tarkon ta ci.

Igiyar kuwa Tabawa ta hana kowa riƙewa. Washegari da la'asar ta hau kan wani marke da ke gefen tarkon ta zauna, haƙoranta a cije. Uwar ta shiga, garke ya bi ta. Ƙaton da ya kashe Nomau ya tsaya a bakin ƙofa yana shinshina, Tabawa ta daure har ya shige. Ta fizgi igiya, ƙofa ta faɗo rim. Talatin da huɗu. Suka yi ta dukan turaku, ko ɗaya bai girgiza ba. Maharba suka gama da su, mutanen hayin kogi masu cin naman suka kwashe.

Da aka taru gaban mai unguwa, kowa ya ja daga. Jatau ya ɗaga ƙafarsa ya ce, "Ba don ni ba, a ina za ku kafa tarkon?" Korau ya ce shinge nawa aka yi kafin nasa, wanne ya riƙe ko ɗan alade? Shekarau ya ce, "Mako biyu tarkonku yana tsaye ba kowa ciki. Ni yau gidana ba hatsi ba mata."

Mai unguwa ya ce a raba uku. Tabawa ta miƙe a fusace. "Ranka ya daɗe, a raba rijiya ɗaya uku? Su kashe juna a bakinta kafin rani ya fita? Wanda na ce, ban ce waɗanda ba. Ba zan karya rantsuwa don in faranta wa kowa ba. Ku dattawa ku fitar da mutum ɗaya!"

Dattawa suka yi ta zama a kai, hukunci ya gagara. Lokacin dashe yana wucewa, ciyawa ta fara rufe fadamar, mutum ukun ba mai gaida wani.

To, ku da kuka ji: mai sawu, mai tarko, ko mai masara, wane ne Tabawa za ta miƙa wa fadamar?