Wanda Ya Je Yaƙi Da Sunan Ɗan Dagaci

An yi wani mutum a wani ƙauye, zamanin yaƙin Jamus na fari, bawan Allah ana kiransa Nomau. Gonar aro yake nomawa a hannun Dagaci. Da Turawa suka ce kowane gari ya ba da mutum, sai abin ya faɗa kan Sallau, ɗan Dagaci. Ku saurara fa! Dagaci ya kira Nomau ya ce, "Kai za ka tafi, amma da sunan Sallau. Gonar ta zama taka muddin ka riƙe bakinka."

Nomau ya tafi. Aka kai shi Kamaru, harsashi ya fasa masa gwiwa. Bai gama warkewa ba aka sauya masa runduna, aka zuba su a jirgin ruwa sai gabashin Afirka, can ya baro yatsu biyu. Shekara huɗu ana kiran "Sallau!" yana amsawa. Ya dawo yana ɗingishi, lambar yabo ta biyo baya da sunan Sallau. Marar kunyar nan ya maƙala ta a riga, mutumin da ko bindigar maharbi ya ji sai ya shige ɗakin uwarsa! Gari duk ya sani, gari duk ya yi gum.

Ran nan wata mata, Tabawa, ta iso da ƙafa daga gari mai nisa, ta durƙusa a ƙofar Dagaci. Ta ce, "Ranka ya daɗe, an ce Sallau ne suka zauna da mijina Cindo a soja. Shekara shida ke nan, ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Alƙali ya ce sai da shaida. Yana raye, ko ya rasu?"

Sallau ya shafa lambarsa ya ce, "Cindo? Lafiya lau na baro shi. Koma ki jira."

Kun ji mugu? Don kada asirinsa ya tonu, zai ɗaure baiwar Allah har ta tsufa tana duban hanya!

Nomau na gefe yana gyaran darni. Dagaci ya zare masa ido. Nomau ya tuna gonarsa, ga gero ya fid da kai. Ya tuna 'ya'yansa. Sai ya ajiye igiya, ya jawo ƙafa.

Ya ce, "Baiwar Allah, ni ne Sallaun da aka faɗa miki. Zazzaɓi ya kashe mijinki a bakin wani kogi. Ni na yi masa wanka, na ga yatsansa na shida a hannun hagu. Na juya shi alƙibla, can arewa take, ba gabas ba. Allah Ya ji ƙansa."

Tabawa ta fashe da kuka, tana kuka tana godiya. Nomau ya bi ta har gaban alƙali da gurguwar ƙafarsa. Kafin ya dawo, Dagaci ya ƙwace gonar har da geron. Ƙodago ya yi ta yi da yatsu takwas har ya koma ga Mahaliccinsa, bai taɓa cewa da na sani ba.

To jama'a, wallahi mutanen garin nan sun fi ba ni haushi a kan Sallau, don ɓoye shaida zalunci ne. Mutum nawa a cikinku suka san iyakar gonar maraya, ana cinye ta, sun sunkuyar da kai? Nomau gonarsa ya bayar, ita kaɗai gare shi. Kai da ka yi shiru, me aka ce za a ƙwace maka?