Ƙurege da Geron Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Ƙurege ne, mai son ci, maƙiyin fartanya. Wata rana ya je yawo wata fadama mai nisa, sai ya ga ciyawa doguwa a cikin ruwa, kanta kamar zangarniyar gero. Ya ce a ransa ga geron da ba ya son noma. Ya karyo goma, ya gudo bakin tafkin garinsu, ya ɓuya don kada a roƙe shi.

Ya gatsa ɗaya, sai ta fashe, bakinsa ya cika da auduga. Ya yi tari, ya yi atishawa. Ya ce wannan ba ta nuna ba, ya gatsa ta biyu. Haka har goma. Iska ta kwashe audugar ta watsa a tafki. Ashe kacala ce.

Damina ɗaya, kacala ta rufe tafki. Bado ya mutu, kifi ya rasa hanya. Aka sare ta, ta tsiro. Aka ƙone ta, ta tsiro. Kada, sarkin tafki, ya tara dabbobi ya tambayi wanda ya kawo ta. Belbela ta ce ta ga Ƙurege yana atishawa, audugarta na fita daga bakinsa.

Kada ya wangame baki.

Ƙurege ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, wanda ya kawo baƙo shi ya san yadda ake sallamarsa.”

Da ma ya lura inda Dorina ta tattake kacala cikin ruwa, ruɓewa take. Sai ya ce ta cikin karanta take numfashi, a sare ta ƙarƙashin ruwa kafin ta fid da kai, za ta nutse. Amma shi bai iya iyo ba, sai dai Dorina ta goya shi yana nunawa. Kuma idonsa ba ya gani sosai sai yana tauna gyaɗa.

Aka kawo gyaɗa. Ya hau bayan Dorina, yana ɓarewa yana cewa, “Wannan kacala ce, sare. Wannan burugu ne, bar wa shanu.”

Kwana arba'in ana sara yana tauna. Tafki ya buɗe, bado ya dawo, kifi ya yi ƙiba. Ƙurege ya fi kowa ƙiba.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa. In za ka yi ɓarna, ka fara koyon gyaranta, don a ciyar da kai.