Masunci da Kunkurun Teku

Akwai wani masunci da yake zaune a bakin teku. Yana da taru guda ɗaya, wanda shi da matarsa suka yi wata uku suna saƙawa.

Wata rana da safe ya fita su a jirgin ruwa tare da wansa. Da suka ja tarun, suka ji nauyi, suka yi murna ƙwarai. Amma da tarun ya matso kusa da jirgin, sai ga wani babban kunkurun teku a tsakiyar kifayen. Igiya ta naɗe masa wuya da ƙafafun gaba, ya gaji, da ƙyar yake ɗaga kai ya sha iska.

Wan ya ce, "Ba shi muka kafa wa ba, shi ya shigo. Mu ja zuwa gaɓa kawai."

Masuncin ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Amma tarun nawa ne. Kafin mu kai gaɓa ya mutu."

Ya gwada kwancewa da hannu, abin ya gagara. Sai ya zaro wuƙa ya yanka tarun. Kunkurun ya nutse ya tafi, ko waiwaye bai yi ba, yawancin kifayen kuwa suka bi ta kafar suka fice.

Da ya isa gida, matarsa ta dubi kwandon, ta dubi tarun, ta ce, "Maigida, me ya faru?" Ya faɗa mata. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko zare. Kwana uku suka yi suna ɗinki a inuwar kwakwa, suna hira. Ɗan kifin da ya rage kuwa ya ishe su miya.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Tarun shi ne aikinmu da maganar bakinmu. Kunkurun shi ne mutumin da muka cutar ba da niyya ba: maƙwabcin da akuyarka ta cinye wa shuka, ko 'yar'uwar da kika yi wa ba'a, kowa ya yi dariya, ita ta koma gida da kuka. Mukan ce, "Ai ba da gangan na yi ba." Gaskiya ne, amma wannan magana ba ta kwance kowa. Ubangiji yana so mu je mu gyara, ko da za mu yi hasara, ko da ba za a gode mana ba. Wanda ya yi haka yakan ci abincinsa da kwanciyar rai.

In akwai wanda yake cikin tarunka, je ka gan shi yau, tun yana da sauran numfashi.