Saƙon Inna a Katin Ridwan

Ridwan mai ɗaukar hoto ne a unguwar Yelwa cikin Garwa, kuma ya iya aikinsa, wannan kam ba za a hana shi ba. Abin da ya ɓata shi girman kai ne da gabar da yake yi da yayansa Hayatu. Hayatu ne ya koya masa riƙe kamara, amma tun da Ridwan ya buɗe nasa shagon, duk abin da Hayatu ya ce a yi, to shi ne ba zai yi ba.

Suna da babbar yaya, Khaula, 'yar farin mahaifiyarsu Inna Balkisu. Shekarun baya ta yi cacar baki da Inna a kan tafiya kasuwanci Duwala, ta faɗi maganar da ba a faɗa wa uwa, ta fice. Tun daga nan ba ta ɗaga wayar kowa a gidan. Tsoro take ji kada a ce mata Inna ba ta yafe ba.

Da ciwon Inna ya yi tsanani, ta kira 'ya'yanta maza biyu ta ce, "Ku kawo mini abin nan naku mai ɗaukar magana. Ina da saƙo ga waccan." Ba ta taɓa kiran sunan Khaula ba, don kunyar 'yar fari.

Ridwan ya yi caraf ya ce shi zai ɗauka, ai ya yi sabuwar kamara. Katin memorin da ke cikinta kuwa a tasha ya saye shi, wurin wani mai yawo da kaya a faranti. An rubuta giga ɗari da ashirin da takwas a jikinsa da ruwan zinariya. Tun ranar yake ta ɗaukar kansa da shi: ga shi a kan gadar Binuwai, ga shi a kan moto, wato babur, ga shi da baƙin gilashi.

Hayatu ya juya katin a hannunsa ya ce, "Ka cika shi a kwamfuta, ka buɗe ka ga komai ya zauna? Irin waɗannan rubutun ne babba, cikinsu ɗan mitsitsi. Ga nawa, giga talatin da biyu ne, amma na san halinsa."

"Riƙe tsohon tarkacenka," in ji Ridwan. "Baƙin ciki ne ke cin ka don na wuce ka."

"Kai ka wuce ni? Yaron da na koya wa danna maɓalli?"

"Ka koya mini, na fi ka. Sai ka mutu."

Hayatu ya jefa masa katin tashar a ƙirji, ya fita da nasa. Wallahi da a ce wani baƙo ne a hanya ya ba Ridwan wannan shawara, da ya ɗauka har da godiya.

Ya kafa kamara a kan ƙafafunta, ya kunna. Inna ta ce, "Fita, ka ja ƙofa. Kuma kada wanda ya kalla sai ita." Ba za ta iya buɗe cikinta ga 'yar fari a gaban mutane ba. Ta daɗe tana magana. Daga waje ba a jin komai sai ƙasa-ƙasar muryarta, can kuma sai kuka. Da ta gama, Ridwan ya duba ya ga sunan bidiyon a jeri, ya rufe kamara yana murmushi.

Inna ba ta kai Juma'a ba. Labari ya kai wa Khaula, ta iso bayan an rufe ta, idanunta sun kumbura. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "An ce ta bar mini magana. Ku nuna mini."

Ridwan ya sa katin a kwamfuta. Ya danna bidiyon, allo ya yi baƙi. Ya sake dannawa, shiru. Ya koma baya, sai ga fuskarsa a kan gada, ga shi a kan moto yana washe baki. Waɗannan kam sun buɗe tsaf. Katin jabu ne, ɗan wurin da yake da shi na gaske hotunan Ridwan sun cinye shi tuntuni. Abin da ya biyo baya suna kawai ya rubuta, bai ajiye komai ba.

Aka kai wa masu gyara a Garwa, aka aika har Marwa. Kowa ya ce babu abin da za a ciro, don tun farko bai shiga ba.

Khaula ta kama rigar Ridwan. "Me ta ce? Ta yafe mini?"

"Yaya, ban sani ba. Ta fitar da ni."

Ta juya wurin Hayatu, shi ma ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon allon, inda Ridwan yake dariya da baƙin gilashinsa. Sannan ta ce, "Uwata ta yi mini magana sau ɗaya, ka cika wurin da fuskarka. Kada ka ƙara kirana yayarka." Ta koma Duwala, kuma har yau ba ta san abin da Inna ta faɗa ba.

Darasin da ke nan a fili yake. Kada ƙiyayyar mutum ta sa ka ƙi gaskiyar da ke bakinsa. In za ka ɗauki abin da ba ya maimaituwa, sayi katinka a wurin da ka amince da shi, ka gwada shi tun kafin ranar, kada babbar lamba ta ruɗe ka. Ridwan ya ƙi shawarar don ya ƙuntata wa Hayatu, amma Khaula ce ta rasa muryar uwarta.