Noti Ɗaya a Fatsar Masunci

Akwai wani mutum masunci, yana zaune a bakin wata babbar madatsar ruwa. Ƙanensa da ke aiki a birni ya aiko masa da fatsa ta zamani, irin mai kwarkwaro, wadda in ka murza mariƙinta sai ta naɗo zaren da kanta. Duk ƙauyen ba mai irinta. Mutumin nan kuwa sai kansa ya fashe. Ya fara yi wa maƙwabcinsa Baba Ayuba dariya, yana cewa tsoho har yanzu da gora da zare yake fama kamar zamanin kakanni. Daga ranar gaisuwa ta yi sanyi tsakaninsu.

To, noti ɗaya ne tak yake riƙe da mariƙin fatsar, bai kai ƙwayar dawa girma ba. Bayan 'yan watanni sai ya fara kwancewa. In mutumin ya murza, sai ya ji mariƙin yana lako-lako. Sai ya sa farcen babban yatsansa ya matsa notin, ya ci gaba da kamun kifinsa. Gobe ya kwance, ya sake matsawa da farce.

Matarsa Afiniki ta lura. Ta ce, "Maigida, wannan abu ba na farce ba ne. Baba Ayuba yana da sukundireba, da ita yake gyara rediyonsa. Ka kai masa mana."

Ya ce, "Ni in je ƙofar mutumin da na yi wa dariya? Farcena ya isa."

Ta ce, "Ni dai gabana faɗuwa yake yi duk ranar da ka fita da ita."

Ya ɗauki filafilinsa na tuƙin kwalekwale ya tafi. Kullum ta ƙofar tsohon yake wucewa, kullum kuma yana kau da kai. Girman kai rawanin tsiya.

Wata rana da hantsi, a cikin damina, ruwa ya cika maƙil, ya tuƙa kwalekwalensa zuwa tsakiya, ya jefa ƙugiya. Ba a jima ba sandar ta tanƙware har bakinta ya taɓa ruwa. Giwan ruwa ne, kifin da ya fi mutum nauyi. Ya yi murna, ya kama mariƙi ya murza da ƙarfi. Sau biyu ya murza, na uku sai mariƙin ya cire a hannunsa, notin ya faɗi cikin kwalekwale. Zare ya shiga warwarewa da gudu.

Da ya saki, da kifi kaɗai ya rasa. Amma sai tsohuwar ɗabi'a ta masu fatsar hannu ta motsa, ya cafki zaren ya nannaɗe a hannunsa na dama. Zaren nan ba irin na da ba ne, ba ya tsinkewa. Kifin ya ja, zare ya nutse cikin nama, jini ya zubo. Ya nemi kwancewa, ya ƙi kwantuwa. Wuƙarsa tana can ƙarshen kwalekwale, ga shi an ja shi ya kife a kan bakin kwalekwalen, rabin jikinsa a waje.

Sa'an nan ya ji rugugi. Kifin yana jan kwalekwalen ne zuwa wurin da ruwan madatsa yake zuba ƙasa a kan duwatsu, inda ko gungumen itace ya faɗa ba ya fitowa ɗaya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya duba ko'ina, kwalekwale ɗaya kaɗai ya hango, kuma ya san mai shi. Sunan da ya yi wata biyar bai ambata ba, shi ya kira da iyakar muryarsa: "Baba Ayuba, ka cece ni!"

Tsohon bai tsaya tuna dariya ba. Ya tuƙo da dukan ƙarfin tsufansa, ya shiga ruwan da shi ma zai iya tafiya da shi, ya miƙa wuƙa ya yanke zaren. Da kyar suka fito gaɓa. Mutumin ya rayu, amma a asibiti sai da aka yanke babban yatsan nan.

Da ya dawo gida, Baba Ayuba ya zo gaishe shi. Ya tsinto notin da mariƙin a cikin kwalekwale. Ya zauna a gabansa ya haɗa su da fatsar, ya sa sukundireba ya murɗa sau uku. Ya ce, "Ɗana, iyakar aikin ke nan." Mutumin ya dubi hannunsa da ke ɗaure da bandeji, ya fashe da kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce: notin nan shi ne ƙaramin zunubin da ka san yana kwance a zuciyarka. Wata 'yar ƙarya, wata ƙiyayya ga ɗan'uwa, wani kallo da ba ka so a sani. Kana jin motsinsa kullum. Farcen kuwa dabararka ce: ran Lahadi ka matsa shi kaɗan, ka rera waƙa, ka ce ya gyaru, kafin Laraba ya sake kwancewa. Baba Ayuba misalin Yesu Almasihu ne, wanda muka raina, muke wuce ƙofarsa muna kau da kai, alhali abin gyara yana hannunsa.

'Yan'uwa, ina jin tsoro dominku, ina kuma ji domin kaina. Ranar gwaji ba ta sallama. Ba a ranar ƙananan kifaye noti yake cirewa ba, sai ranar da abu mai nauyi ya kama. Hakika Ubangiji mai jinƙai ne, yana jin kukan wanda ya kira shi ko a bakin halaka. Amma ku tuna, mutumin nan ya tsira da ransa, yatsansa kuwa bai dawo ba. Akwai abin da tuba ta makara ba ta maido wa mutum: aure da ya mutu, suna da ya ɓaci, 'ya'yan da suka koyi halinka suka tafi da shi.

Kai da kake jina, ka san notinka. Ba sai na faɗa maka sunansa ba. Ka daina matsa shi da farce. Kai wa Ubangiji shi yau, tun yatsunka suna cikakku.